Neptune Frost: fim ɗin da ya leƙa cikin wayarka

A 2019 duniya ta san matasan The Critics na nan Kaduna, masu shirya gajerun finafinan ƙagaggun labaran kimiyya da wayar hannu da koren ƙyalle, har J.J. Abrams ya aiko musu kayan aiki a 2020. Sun burge, amma idonsu na kan Hollywood. Su na tuna da na kalli Neptune Frost na 2021, wanda Saul Williams da Anisia Uzeyman suka ɗauka a Ruwanda.

Shi wannan fim cikin wayar kanta ya leƙa. Matalusa mai haƙar koltan ne, dutsen da ake fitar da ƙarfen tantalum daga cikinsa, a ƙera 'yan mitsi-mitsin kafasita masu daidaita wuta a wayarka. Rigarsa ma da maɓallan tsohuwar kwamfuta aka yi ta. Ba a nemi kumbon sama jannati ba, bola ta wadatar.

Inda na ja tunga shi ne Neptune, mata-maza da ta gudu daga gida. Mutum biyu suka fito a matsayinta, namiji da farko, sannan mace. A ido abin ya yi kyau, kuma ba kasafai ake ba irin wannan mutum ragamar labari ba. Sai dai a kimiyyance halitta ce da ake haihuwar mutum da ita, daga bambancin kuromosom ko sinadaran jiki ko ginuwar gaɓoɓin haihuwa, ba rikiɗa ce ta dare ɗaya ba. Wanda bai sani ba sai ya tashi yana ɗaukar mata-maza wani abin aljanu, alhali yana iya zama maƙwabcinsa a Kawo ko Unguwar Rimi.