Hoton kurkunu: rabi ya yi magana, rabi ya ɓad da yaro

Ya kai mai karatu, ɗauko littafin koyon baƙaƙe, naka ko na ɗanka, ka duba. A shafin "r" an zana raƙumi. Shi kaɗai, tsaye bisa farar takarda. Ba kaya, ba mai ja, ba ko ƙasa. Mushe ya ce: "Mi ne ne wanga?" Yara su ce: "Raƙumi!" Magana ta ƙare. Don koyon baƙi, hoton ya isa. Don koyon tunani, bai isa ba.

Kai kuwa, in ka ga sawun raƙumi bisa hanyar kasuwa, kana gane ko da kaya yake, kuma yau ya wuce ko jiya. Ba wanda ya rubuta maka. Alama ka gani, ka gama ta da abin da ka sani. To, aikin da muke so yaro ya yi da hoto ke nan.

Shi ya sa na fi son hotunan da aka riƙa liƙawa a likita da lakwal lokacin yaƙi da kurkunu. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi suna fama da shi a duniya. A 2013 ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta shaida Nijar ta rabu da shi. Cutar ta tafi, amma in ka samu hoton kada ka yar.

Dubi rabinsa mai kyau. Ga mutum ya tsoma ƙafa mai ciwo cikin tabki, don ruwa na sanyaya zafin. Ga mace tana cika tulu a tabkin nan. Mai zane bai faɗi abin da za ya biyo baya ba, ya bar ma yaro. Tambaye shi: "Mi za ya faru gidan matar nan?" In ya amsa, kada ka yi saurin cewa daidai ne. Ce masa: "Mi ya gwada maka haka?" Sai ya ɗora yatsa bisa ƙafar, ya kai shi bisa tulun. In akwai gero kore a hoton, za ya gane damina ce, lokacin da tsutsar ta fi fitowa a ƙasarmu. Manomi kwance da damina, wa za ya cika rumbu? Ɗan ƙauye bai bukatar a gaya masa.

Ɗaya rabin kuwa da gyara. Akwai ɗan ƙwaron ruwa mai ɗauke da ƴaƴan tsutsar. Ko ƙwayar gero ta fi shi girma. Amma sau da yawa an zana shi ƙato kamar kwaɗo, don a gan shi. Yaro ya duba ya ce: "Ruwanmu babu wannan dodo." Tunaninsa daidai ne, hoton ne ya yi masa ƙarya. Da an aza allura ko ƙwayar gero kusa da ƙwaron, an ƙara musu girma tare, da ya gane.

Sai kuma kibiyoyi. Ga wanda ya yi lakwal, kibiya na nufin "daga nan sai nan". Ga wanda bai saba ba, kibiya ta maharbi ce. Kuma ba ta gwada lokaci. Tsakanin shan ruwan da fitowar tsutsa kusan shekara guda ne. Wannan jinkirin ne ya sa mutane suka daɗe ba su zargi tabki ba, shi ne kuma hoton ya kasa nunawa. Gona kore, sannan damman gero, sannan gona kore kuma, sun fi kibiya goma.

In kun zo wurin ƙwaron, rufe shi da hannu tukuna. Sai yaro ya gama da tabkin da tulun, sannan ka buɗe, ka ɗora ƙwayar gero bisa takardar, ka gaya masa girmansa na gaskiya.