Zanen Injiniya a Jami'o'inmu: Wa Zai Karanta Shi?

A ganinmu, zanen injiniya saƙo ne daga mai tsara na'ura zuwa ga mai ƙera ta. Tun daga 1962 Jami'ar Ahmadu Bello ke horar da injiniyoyi, amma sau da yawa ɗalibi kwaikwayon sassan injin da ke cikin littafi yake yi, cikin Turanci. To, mu dubi Bagwai, inda madatsar ruwa ta Watari ta bunƙasa noman rani: maƙeri da mai walda da ido suke awo, zanenmu bai iso gare su ba. Saboda haka muna ba da shawarar a tura ɗalibi can, ya auna garma, ya zana ta, ya bayyana da Hausa. Sai maƙeri ya ƙera daidai sannan a ba ɗalibin maki.