In naka ne ya yi laifi, mi za ka yi?



Yau maganarmu bisa ƙwallon ƙafa take, wanda muke ce ma balo. Ko ba ka kallo, ɗiyanka suna kallo a tele, suna saurare a rediyo. Cikin manyan ƙungiyoyin balo na Turai akwai baƙaƙen fata da yawa. Wani lokaci ana zagin su saboda launin jikinsu. Wannan shi ake kira wariyar launin fata. To, in an ce ɗan wata ƙungiya ne ya yi zagin, mi ƙungiyar take yi? Ga labari uku, ka auna da kanka.

Na farko: Ingila

Ran 15 ga Oktoba 2011, ƙungiyar Liverpool ta yi wasa da Manchester United. Bayan wasa, Patrice Evra na Manchester ya kai ƙara. Evra baƙi ne, a Dakar ta ƙasar Senegal aka haife shi. Ya ce Luis Suarez na Liverpool ya yi ta ambaton baƙin jikinsa don ya wulaƙanta shi. Suarez ya ce ya faɗi kalmar, amma a ƙasarsu Yurugwai ba zagi ba ce.

Hukumar balo ta Ingila ta saurari kowa. Ran 20 ga Disamba ta ce Suarez ya yi laifi. Ta hana shi wasa 8, ta ci shi tarar fam 40.000, wajen miliyan 30 ke nan na kuɗin sefa.

Mi Liverpool ta yi? Ta fitar da sanarwa, ta ce maganar Evra ba abin yarda ba ce. Washegari, kafin wasansu da Wigan, 'yan wasa suka fito fili sanye da riguna masu hoton Suarez. Har mai horar da su, Kenny Dalglish, ya sa tasa.

Mai karatu, a nan suka ɓata. An zagi mutum, ya kai ƙara, alƙali ya ba shi gaskiya. Sai aka maishe shi maƙaryaci, aka ɗaukaka mai laifi. Yaron da ke kallo mi ya koya? Ya koyi cewa in kana cin ƙwallo, bakinka ba shi da linzami.

Abin bai tsaya nan ba. Cikin watan Fabrairu 2012 ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa. Evra ya miƙa hannu, Suarez ya ƙi karɓa. Sai washegari ya nemi gafara bisa wannan. Sai a 2019, bayan shekara 8, Jamie Carragher, ɗaya daga cikin manyan Liverpool na lokacin, ya ba Evra haƙuri gaban jama'a a tele. Ya ce sa rigunan nan kuskure ne babba. Ban haƙuri abu ne mai kyau. Amma ruwan da ya zo bayan gero ya bushe bai cika rumbu.

Na biyu: Italiya

Ran 3 ga Janairu 2013, ƙungiyar Milan ta tafi wasan zumunci da wata ƙaramar ƙungiya, Pro Patria. 'Yan kallo suka dinga yi ma baƙaƙen Milan ihun wulaƙanci. Cikinsu akwai 'yan wasan Gana biyu, Kevin-Prince Boateng da Sulley Muntari. Boateng ya buga ma masu ihun ƙwallo, ya tuɓe riga, ya fita. Duk abokansa suka bi shi, wasa ya mutu. Shugabannin Milan suka goya masa baya.

Milan ta kyauta. Amma ka lura, masu laifin ba nata ba ne. Tsawata ma ɗan maƙwabci ba shi da wuya.

Na uku: Ispaniya

Ran 21 ga Mayu 2023, a filin Valencia, wasu magoya bayan ƙungiyar suka zagi Vinicius, baƙin ɗan wasan Real Madrid. Wannan karo masu laifin 'yan gida ne. Valencia ta taimaki 'yan sanda aka gano mutum 3, ta hana su shiga filinta har abada. A 2024 kotu ta yanke masu ɗaurin wata 8. Wannan ya yi daidai. Sai dai da hukuma ta rufe wani sashen filin na wasa 5, Valencia ta ɗaukaka ƙara, aka rage zuwa 3. Hannu guda ya yi hukunci, hannu guda yana kare aljihu.

Abin da muka gani

Don mi ƙungiya take kare mai laifi? Don kuɗi da suna. Gwanin ɗan wasa dukiya ce. In ya zauna, ƙwallaye sun ragu. Kujerar da aka rufe kuma ba ta kawo ko dala.

Za ka ce mini: hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gaskiya ne. Ba mu ce a yar da shi ba. Amma mai ciwon hannu magani yake nema, ba ya rufe shi da riga ya ce lafiya lau. Ƙungiyar kirki abu uku take yi. Ta saurari mai ƙara, ba ta ƙaryata shi tun ba a bincika ba. Ta bar alƙali ya yi aikinsa. In nata ya yi laifi, ta sa shi ya ba da haƙuri nan take, ta yi masa horo.

Kai ma ka duba gida. Ran da ɗan kokowar garinku ko ɗan balon unguwarku ya zagi baƙo da ƙabilarsa ko da asalinsa, ina za ka tsaya? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda ya gaya ma nasa gaskiya, shi ne mai ƙaunarsa.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya, ko ta ɗaki ce. Amin.