Jinjina ga Masu Ceton Farin Karkanda

Tun da Sudan, namiji na ƙarshe a jinsin farin karkanda na arewa, ya mutu a gandun Ol Pejeta na Kenya a 2018, mata biyu suka rage, Najin da 'yarta Fatu, kuma babu mai iya ɗaukar ciki a cikinsu. Masanan ƙungiyar BioRescue sun cancanci yabo, domin tun 2019 suke sa wa Fatu maganin barci, su zaro ƙwayayen haihuwarta da doguwar allura, a garzaya da su Italiya a haɗa da daskararren maniyyin mazan da suka mutu. Tayin da aka samu, wato ƙwan da ya fara girma, mahaifar macen farin karkanda na kudu za ta raine shi. Wannan aikin haƙuri ya cancanci tallafi.