Daga Toka Zuwa Galili: Yadda Ake Ista a Sabon Garin Kano

Duk shekara, a wata Laraba cikin Fabrairu ko Maris, 'yan kasuwar Titin Ibrahim Taiwo kan ga wasu abokan cinikinsu da alamar gicciye ta toka a goshi. Ita ce Larabar Toka, mafarin azumin Kirista na kwana 40 da ke kai su ga Ista, ranar da suka yi imani Yesu Almasihu ya tashi daga matattu. Maganar tashi bayan mutuwa ba baƙuwa ba ce ga Musulmin Fagge, tana cikin shika-shikan imaninsa. Inda hanya ta rabu shi ne Musulunci bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, shi kuwa Kirista a kan gicciyen da kabarin da aka tarar wayam ya ɗora begensa. Ba muhawara ta kawo mu ba. Abin dubawa shi ne yadda aka jera ibadar, domin an jera ta ne yadda ba mai kaiwa ga murna sai ya bi ta ƙasƙantar da kai.

Ita kanta tokar daga ganyen dabinon da aka ɗaga ana waƙa gab da Istar bara ake ƙona ta. Fada, wato limamin coci, zai shafa wa attajirin France Road da ɗan dakon da ke sauke masa kaya toka iri ɗaya, yana tuna wa kowannensu cewa daga ƙasa ya fito, can kuma zai koma. Ranar Alhamis ta makon ƙarshe, a babbar majami'ar Katolika ta Our Lady of Fatima da sauran irinta, shugaba ne ke durƙusawa ya wanke ƙafafun mabiya. A garin da ƙarami ke zubewa ya gaida babba, wannan ba ƙaramin juyi ba ne. Juma'a a bi Hanyar Gicciye zango 14 cikin zafin rana, bagade a tuɓe, ƙararrawa shiru. Sai daren Asabar ake hura wuta a waje, a kunna kyandir a shiga da shi majami'a cikin duhu.

Ikilisiyar ECWA, wadda ta fito daga aikin mishan na SIM a 1954, ba ta da al'adar shafa toka. Ƙarfinta na wa'azi ne da waƙar Zumuntar Mata, da kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka fara bugawa cikakke a 1932. Babin da ake yawan buɗewa shi ne sura ta 15 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, inda ya kwatanta jikin mamaci da irin da aka binne a gona. A Turai Ista kan zo ne da furanni. A nan kuwa, tunda ba ta wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, tsakiyar bazara take faɗawa, ƙasa ta ƙeƙashe, manomi na sharar gona bai ga ko ɗigon ruwa ba. A ganina ɗan manomin da ya zo birni daga Kudancin Kaduna ko ƙauyukan Kano ya fi mutumin Ingila gane abin da Bulus ke nufi.

Begen nan kuma ya sha gwaji. Tun wajen 1913 Turawa suka keɓe Sabon Gari don baƙi, unguwar ta ga tarzomar 1991, ta ga bam a tashar motar New Road a Maris na 2013, da wanda aka jefa a cocin St. Charles a Yulin 2014. Mutanen da suka yi irin waɗannan jana'izu in suka ce mamaci "ya yi barci cikin Ubangiji", ba kwalliyar baki suke yi ba.

Sai dai al'adar na zaizayewa ta gefe biyu. Na farko, wasu sababbin majami'u masu manyan alluna da lasifika sun mai da Ista zancen nasara zalla, ta kasuwa da aure da biza, kamar Lahadi ta zo ba tare da Juma'a ba. Akwai ma waɗanda ba a ganinsu sai Litinin, ranar fita "Galili", inda ake shimfiɗa tabarmi a ci a sha.

Na biyu ya fi nauyi, wato jana'iza. Iyalai da yawa ba sa binne nasu a Kano. Gawa kan daɗe a ɗakin ajiya na asibiti ana tara kuɗin akwati da anko da motar da za ta kai ta kudu, wani sa'in har da cin bashi. Son kwanciya kusa da kakanni abin fahimta ne ga wanda aka daɗe ana kira baƙo. Amma addinin da ya koyar da cewa jiki iri ne da za a shuka bai buƙaci a yi gasar dukiya a bakin rami ba. Abin ya kai har Jihar Anambra, mahaifar ɗimbin 'yan kasuwar Sabon Gari, ta kafa doka a 2019 don rage almubazzaranci a bukukuwan binne mamaci.