Baƙo da Mai Masauki: Sharhi a kan Littafin Abner Cohen game da Hausawan Sabo ta Badun

Manufar wannan takarda ita ce a sake duba littafin Abner Cohen mai suna Custom and Politics in Urban Africa, wanda aka buga a 1969, bayan marubucin ya yi bincike a unguwar Sabo ta Badun a tsakanin 1962 da 1963. Tambayar da ya sa a gaba ita ce: me ya hana Hausawan da suka yi ƙaura zuwa ƙasar Yarabawa sajewa da mutanen gari, alhali unguwar tana nan tun 1916, kuma da yawa daga cikin masu masaukinsu Musulmi ne kamarsu?

Amsar da ya bayar tana cikin kasuwa, kuma a nan ne littafin ya fi ƙarfi. Shanu suna gangarowa daga Arewa, goro yana haurawa daga kurmi, dukansu kuwa kaya ne da ba sa jira. Saniya idan ta daɗe a ƙasar tsando sai sammore ya kama ta, goro kuma idan ba a kula da shi ba sai ya lalace. Saboda haka dole falke ya sayar da wuri, mahaucin Bayarabe kuwa bashi yake saye, ba takarda, ba sa hannu. Wanda ke tsaya wa wannan bashi shi ne maigida, watau fatoma: shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, idan mahauci ya ƙi biya kuma mutuncinsa ne ya zube. Irin wannan amana ba ta tsayuwa sai a tsakanin mutanen da suka san asalin juna, suke jin kunyar juna. Cohen ya nuna cewa keɓewar Sabo ita ce jarin Sabo, kuma a ganina ba wanda ya rushe wannan hujja har yau.

Inda na rabu da shi, shi ne batun ɗariƙa. Ya ce a farkon shekarun 1950, da mulkin Turawa ya daina ɗaure wa sarautar Sarkin Hausawa gindi, siyasar jam'iyyu kuma ta kunno kai, sai mutanen Sabo suka rungumi Tijjaniyya, suka ware masallacin Juma'arsu, domin su gina sabuwar katanga a madadin wadda ta faɗi. Maganar tana da daɗin ji, amma akwai abin tambaya. Faira ta Shaihu Ibrahim Inyas na Kaulaha ta riga ta kafu a Kano, bayan haɗuwarsa da Sarki Abdullahi Bayero a aikin hajji na 1937, kuma manyan malaman birni irin su Malam Tijjani Usman Zangon Barebari da Malam Abubakar Atiku Sanka sun karɓe ta. To, Bahaushen Kano wace katanga yake ginawa, shi da ba baƙo ba ne? Mai yiwuwa ne ɗariƙa ta amfani ciniki a Sabo, amma amfanin abu daban, dalilin karɓarsa daban. Mutumin da ke zaman wazifa kullum ba lissafin la'ada yake yi ba.

Bugu da ƙari, littafin ya fi kallon Hausanci a matsayin garkuwa, alhali kuwa ƙofa ce ma. Paul Lovejoy ya nuna a 1980 cewa manyan fataken goro na ƙarni na 19, watau Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, asalinsu baƙi ne daga ƙasar Azbin da Barno, harshe da addini da sana'a suka mai da su Hausawa. Ashe al'ummar da ake cewa ta ƙi sajewa a Badun, ita kanta da hadiye baƙi ta ginu. Da Cohen ya bi wannan zare sosai, da ya tambayi dalilin da ya sa hanyar da ta yi aiki a Kano ba ta yi aiki a Badun ba.

Wannan kuwa ya kawo mu ga babban giɓin littafin, watau mai masauki. Bayarabe yakan bayyana ne a matsayin mahauci mai cin bashi, ko abokin gasa, ko ɗan siyasa. Ba mu cika jin yadda shi yake ganin baƙonsa ba. Ba ƙaramin rashi ba ne wannan. A watan Fabrairu na 2021 rikici ya ɓarke tsakanin 'yan kasuwa Hausawa da Yarabawa a kasuwar Shasha ta Badun, aka yi asarar rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje. Mai neman sanin abin da ya riƙe zaman mutanen nan shekara da shekaru kafin ranar, zai sami rabin bayani ne kawai a wurin Cohen. Sauran rabin yana bakin Yarabawan da suka yi maƙwabtaka da su, kuma da Yarabanci za a je a ɗauko shi.