Anschütz 1710, Bindigar da Ba Ta Bar wa Maharbi Uzuri Ba

Duk wanda ya tambaye ni wace ƙaramar bindiga zai saya, wadda zai kai filin gasa ranar Asabar kuma ya shiga gona da ita da magariba ya rage wa manomi zomaye, ba na bari ya rufe baki nake ba shi amsa: Anschütz 1710, mai kaurin bututu, mai cin harsashin .22 LR. Abokan harbina a nan Ingila sun gaji da jin wannan karatu daga bakina. To, su huta, yau masu karatu zan yi wa.

Harsashin da ake magana a kai ɗan mitsitsi ne, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba. Shi ba a tsakiyar gindi ake bugunsa kamar harsashin soja ba. Sinadarin da ke kunna albarushi yana zagaye ne a cikin leɓen kwanson, allurar bindiga ta daki leɓen ta murƙushe shi, wuta ta tashi. Kamfanin J. Stevens na Amurka ne ya fito da .22 LR a 1887, kuma har yau ana harba shi a gasar Olamfik ta mita 50. Kan dalmarsa giram biyu da rabi ne da ɗan ɗoriya, faɗinsa milimita 5.6. Ba ya dukan kafaɗa, ba ya cika kunne, ba ya tsiyata aljihu. Matsalarsa ɗaya: kowace 'yar tangarɗa ta bindiga sai ya tona ta. Idan allura ta daki leɓen da ƙarfi yanzu, anjima ta dake shi da rauni, wutar ba za ta tashi iri ɗaya ba, sai ka ga rami ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, kai kuwa ka rantse saitinka bai motsa ba.

A nan Anschütz ta yi wa takwarorinta fintinkau. Gidan ƙera bindigar tsoho ne. Julius Gottfried Anschütz ya kafa shi a 1856 a Mehlis, cikin yankin Turinjiya na Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu yankin ya faɗa hannun Tarayyar Sobiyet, iyalin suka yi ƙaura, suka sake ɗaura ɗamara a birnin Ulm a 1950. Shekara huɗu bayan haka suka fito da injin da ake kira Match 54, wanda ya zama uban gayya a filayen gasa na duniya. Wannan injin ne a cikin 1710. Wato zuciyar bindigar gasa aka ɗauka aka sa mata tufafin farauta.

Ja sakatarta ka ji! Ƙarfe ne mai nauyi, mai kauri, da kunnuwa biyu a baya da ke kulle ta, amma tana tafiya sumul ba gargada, ba lilo. In ka mayar ka danna hannun ƙasa, 'yar ƙarar da za ka ji kaɗai ta isa ta gaya maka cewa wanda ya goge ƙarfen nan ba ya cikin gaggawa. Tafiyar allurarta gajera ce ainun, don haka tsakanin sakin kunama da tashin wuta babu lokacin da hannunka zai samu ya yi rawa. Kunamar kuwa, Allahu Akbar. Tawa mai hawa biyu ce: yatsa zai ja ya ji ta taho a sake, sai ta tsaya cak, ka san ka iso bakin gaɓa. Daga nan ɗan ƙarin nauyi kaɗan, sai tas, kamar ka karya tsinken tsintsiya busasshe. Ba ja, ba karkarwa, ba ta wuce inda ya kamata ta tsaya. Na sha miƙa wa mutum ita a fili don ya gwada harbi ɗaya, in ga ya ɗago kai yana murmushi tun kafin ya leƙa inda harsashin ya faɗa.

Bututun shi ne abin da na fi so, ko da yake ido ba ya ganin aikin da ke cikinsa. An goge cikin har ya yi santsi, kuma ramin yana ɗan matsewa a dab da baki, ta yadda dalmar za ta fita a riƙe gam, ba ta da damar karkata a taku na ƙarshe. Tawa ta zo da takardar gwaji a cikin kwali, wadda aka harba a masana'anta daga mita 50. Ramukan sun haɗe sun zama ɗaya. Zoben maki goma na allon gasar duniya a wannan nisa faɗinsa milimita 10.4 ne kacal, ƙwayar gyaɗa ta kusa rufe shi. Ranar da iska ta kwanta, na ɗora bindigar a kan buhun yashi da harsashin da take so, harbi biyar kan bar rami ɗaya mai ɗan yagewa a gefe. Ranar da ramukan suka warwatse, ba na ko kallon bindigar, na san inda laifin yake.

Na ce harsashin da take so, kuma wannan ba salon magana ba ne. Waɗannan bindigogi suna da tsirfa. Eley Tenex da ake yi a kusa da Birmingham, Lapua Center-X da Midas+, RWS R50 na Jamus, duk manya ne, amma bututunka zai iya rungumar ɗaya ya ƙi ɗaya. Abin ya ma wuce suna. Kwali biyu na Tenex da aka yi a zubi daban-daban za su iya ba ka sakamako daban. Shi ya sa Eley ke da filin gwaji a masana'antarta, Lapua ma tana da nata a Jamus da kuma Mesa ta jihar Arizona: ka kai bindigarka, a ɗaure ta a maƙalli, a yi ta gwada zubi bayan zubi har a sami wanda ya dace da ita, sai ka saye shi da yawa ka ajiye. Wanda ya kashe kuɗin Anschütz sannan ya riƙa ɗura mata harsashin gwanjo ya zalunci kansa, ya zalunci maƙeran Ulm. Wani abin burgewa, dalmar Tenex da kakin zuma da kitse ake shafe ta. Idan ka wanke bututu tas, sai ka yi 'yan harbe-harbe tukuna maiƙon ya sake shimfiɗuwa kafin bindigar ta dawo hayyacinta. Haka ma in ka sauya irin harsashi.

To, me ya sa .22 LR, ba .17 HMR ba? Wannan gardama ba ta ƙarewa a wurin shan shayi bayan harbi. Hornady ta fito da .17 HMR a 2002, kuma ba na raina shi. Yana fita da gudun kusan mita 775 a daƙiƙa, yana tafiya a miƙe, zomo a mita 120 ba shi da wata dabara. Masu harbin kuregen ƙasa a gonakin Oregon da Kalifoniya, da masu bin wata dabba mai haƙa ramuka a filayen kiwo na Dakota ta Kudu, suna da hujjar ƙaunarsa. Amma yana da tsada, yana da ƙara, yana ɓata nama, kuma gasannin ƙananan bindigogi na .22 LR ne, har da NRL22 da aka fara a Amurka a 2017, inda ake harbin faranten ƙarfe daga kan tsani da ganga da taya. Harsashin gasa na .22 yana fita da gudun kusan mita 330 a daƙiƙa, ƙasa kaɗan da gudun sauti, kuma da gangan aka yi haka, don harsashin da ya ƙetare gudun sauti ya sake faɗowa ƙasa da shi a hanya yakan yi tangaɗi. Abin mamaki, mai tafiya a hankalin iska ba ta tura shi kamar mai saurin. Kuɗin da ake biya shi ne faɗuwa: in ka daidaita saiti a mita 50, a mita 100 ya sauka kusan santimita 20, a mita 200 ya haura mita guda. Ni wannan ne ma daɗin abin. Dole ka san nisa, dole ka karanta ciyawa da ganye ka gane iska, dole ka murɗa madubi da lissafi. Madubin ma a nemi wanda ake iya daidaita ganinsa har ƙasa zuwa mita 25, kada a ɗauko na babbar bindiga da aka kafe a mita 100 a ɗora mata.

A gona kuwa aikinta sai wanda ya gani. Dokar ƙwari da dabbobi masu ɓarna ta 1954, shekarar da aka haifi injin Match 54, ta ɗora wa masu filaye a Ingila da Wales nauyin rage zomaye, don haka manomi kan yi maraba da mai lasisi da ya san abin da yake yi. Ga kuma kurege mai ruwan toka da aka kawo daga Amurka a ƙarni na 19, wanda ke ɓare bawon itatuwa yana korar jan kuregen ƙasar. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma da wannan bindiga kwanciya ake ci. Ka kwanta a gindin shinge, ka sa harsashi mai rami a goshi, ka ɗaura abin rage ƙara a baki, ka jira. Ni ba na wuce mita 70 a kan dabba mai rai, kuma kai nake nema, don dabba ta faɗi nan take ba ta sha wahala ba. Bindigar da ke sa harsashi inda ka nufa ita ce mai tausayi. Sai dai a kula da abin da ke bayan zomon, domin wannan ɗan harsashi yana tsalle in ya daki dutse ko busasshiyar ƙasa, kuma yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi.

Na san masu CZ 457 sun fara gyaran murya. Bindiga ce ta kirki daga Uherský Brod ta ƙasar Cek, ana iya sauya mata bututu a gida, kuma da kuɗin Anschütz ɗaya za ka sayi biyu ko uku. Tikka T1x ta Finlan ma ba kanwar lasa ba ce. Bergara B-14R ta Sifen da Vudoo V-22 ta Amurka an yi su a kan ma'aunin Remington 700, don haka kasuwa cike take da ƙota da kunama da za su shige su, kuma wanda gasar faranti ce kaɗai a gabansa yana da dalilin duba can. Ita 1710 gidan harsashinta na asali biyar yake ci, ɗan ƙarami mai wuyar kamawa da sanyin hunturu, maɓallin kariyarta a bayan sakata yana da tauri, kuma da madubi tana kaiwa kilo huɗu ko fiye. Duk na ji, duk na yarda. Amma araha ba ta ado, kuma babu ɗaya a cikinsu da nake ɗauka in tsaya ina shafa katakon walnat ɗinta ina kallon zanen jijiyoyinsa kafin in tuna harbi na zo yi.

Gidan nan ne kuma ke ƙera 1827 Fortner, bindigar da mafi yawan 'yan wasan gudun kankara da harbi ke goye da ita a baya. Su ma .22 LR suke harbawa tun 1978, daga mita 50, a kan faranti mai faɗin milimita 45 in suna kwance, 115 in suna tsaye, zuciya na dukan uku-uku, sanyi na yanka fuska. Anschütz ta ɗauko sakatarta mai ja-da-turawa ta sa a bindigar farauta, 1727 F, kuma na riga na fara tara kuɗinta a ɓoye. Uwargida ba ta sani ba tukuna, don har yanzu tana tambayata yadda aka yi bindigar harbin zomo ta fi firij ɗinmu tsada.